Kayan da gari ya aza ma mutum, gari ya taya shi ɗauka

 

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Tunuga, cikin yankin Gaya, jihar Doso. Karatuna na boko bai wuce aji 6 ba. Shekara 7 ke nan ina koya ma manya karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa. Da ranin bana gari ya zaɓe ni, anka aika ni koyon aikin agajin gaggawa. Ina so in faɗa muku nauyin da ke cikin wanga koyo, da yadda ake ɗaukar shi.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Garuruwa da yawa suna zaɓen mutum, su sa mishi albarka, su raka shi tasha, daga nan su manta da shi. Wani ya gudo tun ba a gama horon ba. Wani ya gama, ya dawo gida, bayan wata 3 ya aje aikin. Sai jama'a su ce raggo ne. Ni abin da na gani da idona, sau da yawa ba ragganci ba ne. Kaya ne sunka yi mishi yawa, kuma ba wanda ya kama mishi.

Mine ne aikin mai agaji?

Mai agajin gaggawa, wanda ake ce ma sekuris da Faransanci, ba likita ba ne. Shi ne mutum na farko da ke isa wurin wanda ya ji rauni ko ya faɗi. Aikinsa ya riƙe shi da kyau har a kai shi gidan likita.

Ƙasarmu tana da bukatar irin wanga mutum. Muna bakin kogin Isa, wanda wasu ke ce ma Kwara. Ƙetaren ruwa ƙasar Binin ce, gabas da mu Najeriya. Kullum jiragen ruwa suna kai da kawowa, cike da mutane da kaya. Daga Gatawani har Dole akwai fadamun shinkafa, inda lauje ke yanka hannu, maciji ke saran ƙafa. Babura masu kabu-kabu suna gudu tsakanin Gaya da Kamba. Da damina kuwa hanya takan lalace. In ciwo ya fi ƙarfin likitar kusa sai Gaya, in ya fi ƙarfin Gaya sai Doso, tafiyar wajen kilomita 150. Wanda jini ke zuba daga jikinsa ba ya jiran hanya ta bushe.

Wanga aiki ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun cikin shekarun 1960, a jihar Maraɗi, anka fara zaɓen mutanen gari ana ba su horo na wajen kwana 10. Suna dawowa da akwatin magani: nibakin, asfirin, jan magani na rauni, maganin ido da bandeji. Ungozomomi ma anka riƙa horar da su. A shekarar 1978, a garin Alma-Ata, ƙasashen duniya sunka yarda cewa kiwon lafiya daga ƙauye ya kamata ya fara. Amma ku tambayi tsofaffi. Za su faɗa muku akwatuna nawa sunka ƙare babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, masu su sunka koma gona, don ba albashi, ba mataimaki.

Daga shekarar 2001 anka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani cikin karkara, har sunka kai wajen 2000. A 2006 anka kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Masana sun ƙirga: a 1998, cikin yara 1000 da anka haifa a Nijar, 226 ba su kai shekara 5. A 2009 adadin ya sauko 128. Kun ga amfanin kusantar da taimako ga jama'a. To amma ɗakin shan magani ba ya tashi ya je fadama. Mutum ne ke zuwa.

Kaya na farko: karatu

Horonmu kwana 15 ne a garin Gaya. Mu 24 ne daga garuruwa dabam-dabam: Hausawa, Dendawa, Zabarmawa da Fulani. Muna shiga da ƙarfe 8 na safe, mu fito azahar. Mu koma bayan la'asar har kusan magariba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yawan lambobi. Kowane abu da lambarsa. In numfashin babban mutum ya tsaya, a danna ƙirji sau 30, a hura iska sau 2, a sake. Dannawar ta kai 100 zuwa 120 cikin minti ɗaya. In wuta ta ƙona mutum, a zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi, har minti 20. Yaro mai tari, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50 akwai haɗari. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40 akwai haɗari. Zaren awon damtsen yaro yana da kore, da rawaya, da ja. Ja yana nufin ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Maganin zawo na gishiri da sukari, ƙunshi 1 cikin ruwa lita 1, ba ƙari ba ragi.

Ga lambobi, ga sunayen gaɓoɓin jiki da Faransanci. Malami yana bayani da Hausa da Zabarmanci, amma takardun da anka raba mana duk da Faransanci suke. Ran kwana na 3 kaina ya ɗauki zafi kamar tukunyar da anka manta bisa murhu. Na kwanta, lambobi suna yawo cikin idona. Wace ce ta ƙirji? Wace ce ta numfashi? In na haɗa su gobe gaban mutane fa?

A cibiyata akwai wani dattijo mai furfura. Ranar da ya fara riƙa alli hannunsa rawa yake yi. Ba ya tambaya gaban jama'a, sai an tashi ya biyo ni waje. A Gaya ni ne na zama wanga dattijo. Na ce ma kaina: ashe maganin da muke ba ɗalibanmu shi ne nawa. Ga yadda munka yi, ni da abokai 3 da muke kwana ɗaki ɗaya.

Na sayi littafin rubutu sabo. Duk abin da anka koya da rana, da dare in mai da shi Hausa, gajere, da hannuna. Abin da ban iya faɗa da harshen uwata ba, na san bai zauna ba tukuna. Gobe shi zan fara tambaya.

Ba mu cusa ma kanmu karatun yini duka. Kowane dare abu 3 kawai muke riƙewa, mu maimaita na jiya. Haka muke yi a cibiya: baƙi 2 ko 3 a zama ɗaya, ba a ba sabon ɗalibi abacada duka rana guda.

Kowa yana koya ma ɗan uwansa. Cikinmu akwai wani Bafulatani makiyayi. Bai iya karatu ba, amma duk ajin ba wanda ya kai shi hannu. Ya saba ɗaure ƙafar akuya in ta karye. In ya naɗa bandeji ko ya sa itace ya tsare karaya, malami kansa yakan tsaya ya duba. Ni ina karanta mishi lambobi har ya hardace. Shi yana kama hannuna yana nuna mini ɗauri. Buhun ƙaiƙayi munka samu muna danna shi kamar ƙirji, ɗaya yana riƙe da agogo.

Da ƙarfe 10 muke kashe fitila. Wasu a ɗakin kusa da mu suna shan shayi mai ƙarfi, suna karatu har asuba. Da safe su ne ke gyangyaɗi. Gonar da ta sha ruwa ta ƙoshi, in an ƙara mata sai ya gudu. Kai ma haka yake.

Kada wani ya karanta lambobin nan ya ce ya iya aikin. Na kawo su ne don ku ga nauyin. Wanga aiki sai an gwada ma mutum da hannu.

Kaya na biyu: gida

Mutum yana aji amma rabin zuciyarsa tana gida. Horon ya faɗo daidai lokacin da cibiyarmu ke tsakiyar karatu, kuma daidai dashen shinkafar rani. Ina da mata da ɗiya 4. Ɗan abin da ake ba mu a wurin horo na cikinmu ne, ba ya isa a aika gida.

Tun kafin in tafi na je gun maigari, na ce: ranka shi daɗe, na karɓi aikin gari. Amma ina da gona, ina da iyali, ina da ɗalibai. Wa zan bar ma su? Maigari ya tara jama'a. Ɗalibaina sunka yi gayya, sunka dasa mini fadamata rana ɗaya. Ƙanena ya ɗauki ban ruwa. Ƙungiyar mata ta tara hatsi tiya-tiya ta kai ma maiɗakina. Ɗalibai 2 da sunka fi ƙwazo sunka riƙe cibiya, suna maimaita ma sauran darussan baya. Da na dawo ban tarar da ko mutum ɗaya ya daina zuwa ba.

Abokina makiyayi bai samu haka ba. Mutanen rugarsu sun aiko shi, amma ba a tsai da wanda zai kula da garkensa ba. Yara ƙanana anka bar ma shanu. Ran kwana na 9 anka kira shi da salula: shanunsa sun shiga gonar wani, magana ta kai gaban hakimi. Daren nan bai runtsa ba. Da asuba ya naɗe tabarmarsa. Ya riƙe hannuna ya ce: malam, ba don ban so ba. Ya tafi bai dawo ba.

Ku duba hasarar. Mutumin da ya fi kowa hannu ya tafi saura kwana 6. Rugarsu tana nesa da likita, tana cikin dajin giginya inda macizai suke. Yau ba su da mai agaji. Da matasa 2 sun karɓi kiwon nan na mako 2, da yanzu suna da shi. Wa ya yi ragganci a nan?

Kaya na uku: zuciya

Wanga shi ne kayan da ba a gani, kuma shi ya fi nauyi. Kwana 4 na ƙarshe anka kai mu gidan likita mu ga aiki da ido. Buhun ƙaiƙayi ba ya kuka, ba ya zubar da jini. Can kuwa munka ga ɗan kabu-kabu da ƙashin ƙafarsa ya fito waje. Munka ga mace da tafasasshen ruwa ya zube ma. Ɗaya daga cikinmu, ƙato mai ƙarfi, jiri ya ɗebe shi sai da anka zaunar da shi.

Ran nan da yamma anka kawo yarinya ƴar shekara 3 daga wani ƙauye mai nisa. Kwana 4 tana zazzaɓi a gida, har ta fara sanƙarewa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin isha'i Allah ya karɓi abarsa. Sa'ar ɗiyata ce ta uku. Abinci ya ƙi shiga bakina. In na rufe ido sai in ga fuskarta. Wata tambaya ta zauna mini a ƙirji: gobe in irin wagga ta faru a garinmu, a hannuna, mi zan ce ma iyayen?

Malaminmu tsohon ma'aikacin lafiya ne. Ya duba fuskokinmu ya gane. Washegari bai fara darasi ba. Ya zaunar da mu gindin itace, ya ce kowa ya faɗi abin da ya hana shi barci. Da farko shiru. Namiji ba ya so a ce ya ji tsoro. Da mutum ɗaya ya buɗe baki sai kowa ya samu na faɗa. Ashe duk ciwonmu ɗaya ne. Malam ya ce shi ma, bayan shekaru masu yawa, akwai fuskokin da bai manta ba. Ya ce wanda zuciyarsa ba ta motsi in ya ga ciwon wani, bai dace da wanga aiki ba.

Sannan ya sake jera mana iyakar aikinmu, abu 3. Na ɗaya, ka kare: ka kau da haɗari daga kanka da mai rauni da masu kallo. In ba ka iya ruwa ba kada ka faɗa kogi, ka miƙa gora ko ka jefa igiya ko jarka mai murfi. Ka sa safar hannu kafin ka taɓa jini. Na biyu, ka kira: lambar manjo ta likitar kusa ta zauna cikin salularka da cikin kanka. Na uku, ka agaza da abin da anka koya maka, ka tsaya nan, ka gaggauta kai shi gaba. Warkarwa ba taka ba ce. Rai kuma na Allah ne.

Jama'a, wagga magana ta sauke mini dutse daga ƙirji. Tsorona ya zo ne daga tunanin cewa ran kowa yana wuyana. Da na san iyakata sai hannuna ya daina rawa. Yarinyar nan ma, abin da ta rasa shi ne wanda zai ce ma iyayenta tun ranar farko: ku tashi mu tafi. Wanga kuwa na iya shi.

Har yanzu mu 3 da munka gama muna kiran juna. In wani ya gamu da abu mai tsanani ba ya kwana da shi shi kaɗai. Salla, da barci, da hira da wanda ya san aikin, su ne maganin da na gani yana ci. In kuwa rashin barci da faɗuwar gaba sun daɗe, sun hana mutum aiki, ya je ya faɗa ma manjo. Ba abin kunya ba ne.

Bayan dawowa gida

Kada ku ɗauka ranar da anka ba mutum takardar shaida kaya sun sauka. Wani nauyin a gida yake jira. Ana buga mini ƙofa da tsakar dare. Wasu suna zuwa su ce in yi musu allura. In na ce ba aikina ba ne sai su ɓata rai, su ce to mi na koyo? Wasu tsofaffi suna tambayar nibakin. Sai na bayyana musu cewa an daɗe da barin ta, don ƙwayar zazzaɓin sauro ta saba da ita. Yanzu ana ɗiban ɗigon jini a yatsa a gwada, sannan a ba da sabon magani.

Mafi wuya shi ne saran maciji. Mun gaji tsagawa da aska, da tsotsa, da ɗaure ƙafa tamau da igiya. A horo an nuna mana duk waɗannan suna ƙara ɓarna. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsaga kuwa ƙofa ce ta zubar jini. Abin yi shi ne a kwantar da mutum, a cire zobe da abin hannu, a tsare gaɓar kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa inda allurar dafi take. Faɗa ma dattijon da ya haife ka haka, a gaban mutane, ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ban jira ranar sara ba. Na kai maganar cibiya. Mun mai da ita darasin karatu, mun rubuta ta a allo, mun yi muhawara cikin kwanciyar hankali. Ranar da abin zai faru ba ni kaɗai zan yi magana ba.

Shawarata ga garuruwa

In an ce ku ba da mutum a horar, ku zauna tukuna ku tsai da waɗannan:

1. Ku aika mutum 2, kada ku aika ɗaya. In da hali namiji da mace. In ɗaya ya yi tafiya ko ya gaji, ɗaya yana nan.

2. Kafin ya tashi, a san wa zai yi mishi noma, wa zai yi kiwo, wa zai duba iyali. A faɗa gaban maigari, a rubuta.

3. Yana can, kada ku riƙa kiransa kan kowace ƙaramar magana. Ku bar kansa ya zauna wuri ɗaya.

4. In ya dawo, ku kafa asusu. Kowane gida ya riƙa sa ɗan abin da ya samu, don bandeji da safar hannu da man babur na kai mai ciwo. A sa ɗalibin cibiya ya riƙe littafin lissafi.

5. Kada ku nemi abin da ba a koya mishi ba. In ya ce a tafi likita, a tafi.

Kai kuma ɗan uwa da anka zaɓa, kada yawan karatu ya firgita ka. Wanda ya koyi baƙi da gemunsa zai iya koyon wanga. Ka ɗauka kaɗan-kaɗan, ka rubuta da harshenka, ka nemi abokai, ka yi barci, ka faɗi abin da ke damun ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina roƙon masu agaji da ungozomomi na sauran garuruwa, tsofaffi da sababbi, su rubuto ma jarida yadda sunka yi da nasu kayan, mu ƙaru da juna. Malamai kuma su karanta wagga takarda a cibiyoyinsu, a tattauna.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi kai mu damina mai albarka. Amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Tunuga, yankin Gaya.